Littafin yaran nan da suka maƙale a tsibiri ya hana ni barci, dan Allah ku zo mu yi magana

Baban Sadik (Aboabo)

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abun ne ya tsaya min a wuya.

Ni fita ne, wato makanike, a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota ta Kumasi, bokona bai wuce JSS ba, turanci ina karantawa amma a hankali kamar mai tsallake kwata da dare. Ɗana na fari ya gama JHS an ba shi makarantar kwana, nan da 'yan makonni za mu kai shi in Allah ya yarda. To 'yar wana da ta gama SHS tuntuni sai ta tattaro mai tsofaffin littattafanta cikin jakar Ghana must go, a ciki akwai wani ɗan ƙarami duk bangon ya yage, sunansa Lord of the Flies, wani bature William Golding ya rubuta. Wata ranar Laraba aka ɗauke wuta, waya ba caji, zafi ya hana kwanciya, sai na ce wa yaron kai zo ka karanta min da tocila kana fassara min inda na kasa. Wasa wasa sai da muka yi kwana tara muna abu ɗaya, ko an kawo wutar ma ba ma kunna talabijin.

Ga wanda bai sani ba, jirgin sama ne ya faɗi da yara 'yan makaranta na Ingila a wani tsibiri, ana yaƙi a ƙasarsu ana kwashe su, babba ko ɗaya bai tsira ba, kuma duk maza ne, ƙananan kamar shekara 6 manyan kamar 12. Da farko wallahi sun burge ni, suka taru suka yi ƙuri'a suka zaɓi wani Ralph shugaba, suka samu wata ƙatuwar katantanwar teku da ake busawa kamar ƙaho, aka kafa doka duk wanda ke riƙe da ita shi ke da magana, aka ce a hura wuta a saman dutse ko wani jirgin ruwa zai hango hayaƙi. Na ce wa Sadik ka ga 'ya'yan da aka yi wa tarbiyya. Ashe na yi saurin yabon ɗan kuturu. Kafin littafin ya ƙare sun kashe biyu daga cikinsu da hannunsu, sun cinna wa tsibirin wuta gaba ɗaya suna farautar shugaban nasu kamar yadda suke farautar alade.

Tambayata biyu ce. Na farko wai da gaske haka ɗan Adam yake? Tarbiyyar nan da muke ta fama, makarantar allo, bulala, nasiha, duk fenti ne kawai irin wanda muke fesa wa tsohuwar mota, in an kankare sai ka tarar da tsatsa? Na biyu, kuma shi ne ya fi damuna, makarantar kwanan nan ba tsibiri ba ce? In an kashe fitila hausmasta ya tafi gidansa ya bar yara rututu a ɗaki, wa ke riƙe da katantanwa? Uwar yaron dama ba ta so, ni ne na nace, yanzu kuma ni ke zufa. Masu ilimi a taimaka.

Tica Asawase

Wa alaikumus salam Yaya Baban Sadik. Kai ka tuna min baya, na koyar da littafin nan lokacin da WAEC ta sa shi cikin na litirecha, har yau in na ga yaro mai ƙiba da tabarau a ajina yana ɗaga hannu sauran na dariya sai gabana ya faɗi, Piggy na cikin littafin nake tunawa.

Bari in fara da mutumin da ya rubuta, dan in ka san inda ya fito rabin tsoron zai ragu. Golding ɗan uwana ne a sana'a, tica ne a makarantar yara maza a wani gari Salisbury, kullum yana cikin yara yana ganin abun da suke yi wa juna in sun ɗauka ba a kallonsu. Sannan ya yi sojan ruwa a yaƙin duniya na biyu, yana cikin waɗanda suka je gaɓar Normandi a Faransa a 1944. Mutumin da ya ga abun da turawa masu digiri da kwat suka yi wa juna da bamabamai ba zai dawo ya rubuta maka tatsuniyar gizo da ƙoƙi ba. Littafin ya fito 1954, kuma sai da kamfanonin ɗab'i da yawa suka ƙi shi kafin Faber and Faber na Landan su karɓa, daga baya a 1983 aka ba shi kyautar Nobel, ya rasu 1993.

Abun da ɗalibai da yawa ba sa lura shi ne raddi yake yi. Akwai wani tsohon littafi na ƙarni na 19, The Coral Island, da yaran Ingila suka taso suna karantawa, shi ma yara uku ne suka maƙale a tsibiri, biyu daga ciki ma sunansu Ralph da Jack, amma su can komai lafiya lau, ɗan bature ba ya lalacewa, sharri daga waje yake zuwa, daga 'yan fashin teku da mutanen tsibiran da suke kira marasa wayewa. Irin wannan tunanin ne ya kawo su nan suka ƙona Kumasi a 1874, suka kama Nana Prempeh na farko a 1896 har suka ƙare da kai shi tsibirin Seshels, wai su ne masu kawo wayewa. To Golding sai ya ɗauki sunayen nan biyu da gangan ya ce to mu gani, ga 'ya'yanku nan, 'yan waƙar coci ma da yunifom ɗinsu, ba baƙin mutum ko ɗaya a tsibirin da za ku ɗora wa laifi.

Kan maganar fenti kuwa, akwai wuri ɗaya da nake tsayar da aji duk shekara. Inda Roger ke jifan wani ƙaramin yaro da duwatsu a bakin ruwa amma yana kaucewa da gangan, ba ya bari ya same shi, kamar akwai wani da'ira kewaye da yaron da hannunsa ya kasa ketawa, tsoron iyaye da makaranta da ɗan sanda bai gama fita daga jikinsa ba. Wannan Roger ɗin ne a ƙarshe ya turo ƙaton dutse ya kashe Piggy, katantanwar ma ta tarwatse tare da shi. Amma duba tsakanin jifan farko da na ƙarshe me ya faru, ba dare ɗaya ba ne. An fara da ƙin yin aiki, ana taro a yi ta surutu a watse a bar Ralph da Simon su kaɗai da ginin bukka. Sai ranar da Jack, shugaban mafarauta, ya kwashe masu gadin wuta suka tafi farauta wutar ta mutu, jirgin ruwa ya zo ya wuce bai ga hayaƙi ba, su kuma suka dawo da nama suna waƙa, kuma kowa ya ci naman har shi Ralph ɗin da ke faɗa. Daga ranar ciki ya fi doka ƙarfi. Sai tsoron dodo ya shigo, Jack ya gane mai tsoro ba ya tambaya, duk wanda ya ce zai kare shi ya ba shi nama shi zai bi. Ni dai ban ga siyasar yara a nan ba, tamu na gani ta lokacin zaɓe.

Kuma dodon da suka gani a saman dutse mene ne? Gawar sojan sama ce da aka harbo a yaƙin manya ya faɗo da laimarsa ta maƙale, iska na ɗaga shi tana sauke shi. Yaran suna ta fatan manya su aiko musu da wata alama, abun da manyan suka aiko kenan. Wanda ya cece su a ƙarshe ma hafsan sojan ruwa ne da bindiga a ƙugu, yana musu faɗa wai bai zaci haka daga yaran Ingila ba, alhali jirgin yaƙinsa na tsaye a bayansa. Sunan littafin kansa, wato sarkin ƙudaje, kan aladen nan ne da suka soke a sanda suka bar wa dodo ƙudaje suka rufe shi, kuma fassarar wani tsohon suna ne na Ibraniyanci, Ba'alzabub, da Kiristoci ke kiran shaiɗan da shi.

Maganar makarantar kwana na bar wa waɗanda suka yi, ni jeka ka dawo na yi.

Nima Boy

Chale ni duk littafin abu ɗaya ya ɓata min rai. Wai da tabarau ɗin Piggy suke kunna wuta. Piggy nesa ne ba ya gani, irin ciwona kenan, gilashinmu baya tara hasken rana wuri ɗaya watsa shi yake yi. Wallahi muna fom tu na fita da nawa tsakar rana da takarda na tsuguna kusan awa guda, ba hayaƙi koraa sai zufa da ciwon kai, 'yan bes ɗinmu har yau suna tsokanata da shi. In da gaske ne yaran nan ɗanyen alade za su ci. Tica kar ka kore ni daga aji 😂

Hajiya Mai Waakye (Alabar)

Baban Sadik ina gaisuwa, ya maman yara. Ni fim ɗin na gani, autata ta sa min a waya, mai baƙi da fari ɗin nan na 1963, kuma tun a nan na ce mata wannan mutumin bai taɓa zuwa kasuwar Kejetia ba.

Kuna ta cewa yara yara, ina 'yan mata? Ko ɗaya babu. Kuma in ana neman yaran da ba babba a kansu ai ba sai an je tsibiri ba, kullum muna tare da su. Kayayen nan, 'yan mata masu dako, da ke sauko mana daga arewa, Walewale, Tamale da ƙauyukansu, wata shekararta bai fi 13 ba ta zo garin da ba uwa ba uba ba ta jin Twi ba ta jin Hausa, da kwanon silba ɗaya. Shekara da shekaru su ke ɗauko min shinkafa da wake da karan dafi daga kasuwa, na shiga ɗakin da suke kwana na gani da idona, ko wurin juyi babu. Amma suna da tsari paa. Kowane ƙauye da rukuninsa, akwai babbarsu da ke raba faɗa, suna adashi, in ɗaya ta kwanta ciwo sai a yi karo karo a sayo magani, in abun ya yi tsanani a haɗa kuɗin mota a sa wata ta raka ta gida, mai goyo in ta samu kaya masu nauyi wata ce ke riƙe mata ɗan. Ba katantanwa ba ƙuri'a. Kuma in ka tambaye su wa ke cutar su, ba junansu za su nuna maka ba, mu manya ne, wadda za ta ɗora wa yarinya buhu tun daga Kejetia har Asafo ta miƙa mata abun da ko koko da ƙosai ba zai saya ba, da mazan banza da ke bin su da dare inda suke kwana a bakin shago.

Ba wai ina cewa mata mala'iku ba ne, ni da na zauna da kishiya shekara 19 na san abun da na sani, mace in ta tashi kashe ki ba dutse za ta turo ba, da baki za ta gama da ke. Amma wannan magana ta cewa da an ɗauke ido yaro zai koma dabba ban yarda ba. Yunwar 83 ina yarinya, ga fari ga gobarar daji ga mutanenmu da aka koro daga Najeriya kusan miliyan sun dawo ba abun ci, mutane na bin layin ɗanyen dokunu tun ba a dafa ba dan kar ya ƙare. Manya ne na gani suna dambe a layi. Mu yara in ɗaya ya samo ƙullin gari a bayan gida muke ɓuya mu raba da murfin kwalba.

Sannan wani abu da ya ɗan sosa min rai, shi da ya tashi nuna sun lalace sai ya sa suka shafa farar ƙasa da gawayi a fuska suka ɗau mashi suna rawa suna kewaya wuta. Wato lalacewa a wurinsa ita ce su koma kamar yadda suke zana mu. Tica kai ka san boko, ka gyara min in na yi kuskure.

Tica Asawase

Hajiya ba gyara, masana da yawa sun yi masa wannan sukar, kin faɗe ta ne kawai da Hausa.

Ɗan Fadama (Accra)

Salam. Baba kafin ka fasa kai yaro makaranta ji wannan, dan abun ya taɓa faruwa da gaske ba a littafi ba. A 1965 wasu samari shida 'yan makarantar kwana a Nuku'alofa, babban birnin ƙasar Tonga can cikin tekun Fasifik, makaranta ta ishe su suka saci kwalekwalen wani masunci suka gudu da dare. Guguwa ta same su ta lalata musu filafilan da abun tuƙi, kwana takwas ruwa na yawo da su sannan ya kai su wani tsibiri mai suna Ata, dutse ne tsaye ba kowa a kai, mutanen da ke wurin tun 1863 masu fataucin bayi suka kwashe da yawansu aka tashi sauran. Wata 15 yaran nan suka yi a wurin. A gida har an yi musu zaman makoki.

Me suka yi? Suka raba aiki bibbiyu, masu gona masu girki masu gadi. Suka hau sama suka tarar da kufai, akwai kaji da suka yi ta haihuwa tun na mutanen da, da ayaba da gwaza. Suka hura wuta, kuma ka ji inda abun yake, wutarsu ba ta mutu ba sama da shekara, abun da su Ralph suka kasa. In biyu sun yi faɗa sai a raba su kowa ya tafi wani ɓangaren tsibirin ya huce sannan a dawo a shirya. Safe da yamma waƙa da addu'a, har garaya irin ta turawa ɗaya ya haɗa da guntun katako da ɓawon kwakwa da waya. Ɗaya ya faɗo daga dutse ya karye a ƙafa, suka yi masa ɗori da sanduna da ganye suka ɗauke masa aikinsa har ya warke. A Satumban 1966 wani mai jirgin kamun kifi ɗan Ostireliya Peter Warner ya hango alamar ƙuna a jikin dutsen ya matso ya kwashe su. Abun dariya suna isa gida aka kulle su saboda kwalekwalen da suka sata, sai shi Warner ɗin ya biya mai shi aka sake su. Wani marubuci ɗan Holan Rutger Bregman ya sake tono labarin a littafinsa Humankind, a 2020 ya zagaye intanet.

To Baba ɗaya ƙirƙira ce daga kan tica da yaƙi ya dagula wa rai, ɗaya kuma ta faru. Ni na san wadda zan ɗauka.

Tsohon Sinia

Ɗan Fadama labarinka gaskiya ne amma kar ka rufe maganar da shi. Waɗancan su shida ne, abokai ne tun kafin su tafi, sun girmi yaran littafin, kuma 'ya'yan teku ne sun san kifi sun san kwakwa. Mutum shida ba sa zama gungu, kowa na ganin idon kowa. Ka tara yara masu yawa da ba su san juna ba ka kashe fitila, wannan wani abu ne daban, kuma ni ba a littafi na karanta ba.

Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba ko matata. Ba zan kira sunan makaranta ba. Ina fom tiri aka yi ta fasa mana cokbos, akwatin katako na ajiye abinci, ana kwashe gari da shito da madara, sati biyu ana yi, ga abincin dainin ba ya isa kowa na jin yunwa kowa na zargin kowa. Akwai wani yaro ɗan fom wan siriri mai in'ina, baya da aboki, yana yawan fita shi kaɗai da dare, daga baya muka gane fitsarin kwance yake yi yana fita shanya zanensa kar a gani. Wani dare hausmasta ya yi tafiya jana'iza, wani cikinmu mai baki da ƙarfi wanda kowa ke tsoro ya ce ya kama ɓarawo. Aka jawo yaron tsakiyar ɗaki aka kashe fitila aka fara buga bokiti ana waƙa. Yana so ya yi bayani in'inar ta riƙe shi, duk kalmar da ya fara sai a kwashe da dariya a ƙara masa. Ni firifet ne a lokacin, ina salla biyar, na sauke Alƙur'ani kafin in shiga SHS, ba wanda ya tilasta ni. Na cire bel ɗina na yi masa biyu. Kuma abun da ya fi ci min rai har yau, a lokacin daɗi na ji, kamar an sauke min wani kaya.

Kunnensa ɗaya ya daina ji, iyayensa suka zo suka ɗauke shi ba mu sake ganinsa ba. Satar kuma ba ta tsaya ba, kafin mu gama aka kama mai yi, shi ne wanda ya ce ya kama ɓarawon.

Shi ya sa ni a littafin ba mutuwar Simon ce ta fi taɓa ni ba, duk da ita ma haka take, yaron ya gano dodon gawa ce kawai ya rarrafo cikin ruwan sama da duhu ya zo faɗa musu suka rufe shi da duka suna cewa shi ne dodon. Washegarin ne. Ralph da Piggy da tagwayen nan Sam da Eric, mutanen kirkin labarin, kowa na cewa ai shi a gefe yake, ai shi da wuri ya tafi, ai duhu ne, ai tsautsayi ne. Wallahi kalma da kalma abun da muka faɗa wa juna kenan da safe a wurin wanka. Golding bai san mu ba amma ya san wannan safiyar.

Kuma Hajiya da girmamawa, kin ce manya ne ke cuta, na yarda, amma ai shi ma abun da yake faɗa kenan. Mun manta Manjo Maxwell Mahama a Denkyira Obuasi a watan Mayun 2017? Soja ne ya fita motsa jiki da safe aka ga bindiga a jikinsa aka ce ɗan fashi ne, gari ya taru da duwatsu da bulo da sanduna suka kashe shi, wasu na ɗauka a waya, da rana tsaka ba tsibiri ba duhu. Sai a 2024 kotu ta ɗaure 12 rai da rai. Sau nawa a zongo aka yi ihun ɓarawo muka fito da gudu da abun da hannu ya samu ba mu tambayi me ya sata ba?

Baba shawarata ka kai shi, makarantar kwana ta koya min abubuwa da yawa masu kyau kuma yanzu ana sa ido fiye da zamaninmu. Amma duk iyaye tsoron fom wan suke yi kar a doki ɗansu. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce min ranar da kai ne babba kuma ɗaki ya ɗau waƙa me za ka yi. Ka yawaita zuwa ranar ziyara, kuma in ka je kar ka tsaya kan ya ci ya ƙoshi, ka tambaye shi wane yaro ne a ɗakinsu ba shi da aboki.

Malam na Tafo Zongo

Assalamu alaikum. Ɗana Tsohon Sinia, Allah ya karɓi tubarka, kuma in da hali ka nemi yaron nan ko ta hannun tsofaffin ɗalibai ka roƙe shi gafara, haƙƙin mutum istigfari kaɗai baya ɗauke shi.

Baban Sadik, tambayarka ta farko ai mala'iku sun riga ka yi, a Baƙara aya ta 30 da Allah ya ce zai sanya halifa a ƙasa suka ce za ka sa wanda zai yi ɓarna ya zubar da jini? Ya ce musu ya san abun da ba su sani ba. Bai ce ƙarya suka yi ba fa. Kuma jinin farko da aka zubar tsakanin wa da ƙani ne, Ƙabila da Habila, har sai da hankaka ya koya masa yadda zai binne gawar.

Amma in kana son labarin yara da suka yi nisa da idon babba ka buɗe suratu Yusuf. 'Ya'yan Annabi ne, a gidan Annabi Yaƙub suka tashi, wace tarbiyya ce ta fi wannan? Suka ce a ba su ƙaninsu su je kiwo ya yi wasa, da suka ɓace wa idon uban suka jefa shi rijiya suka dawo da daddare suna kuka da riga da jinin ƙarya, suka ɗora wa kerkeci, su ma da nasu dodon kenan. Sai dai ka lura da abu biyu. Shawarar farko kisa ce, ɗaya daga cikinsu ya buɗe baki ya ce kar ku kashe shi ku sa shi a rijiya matafiya su tsince shi. Bai iya hana zaluncin duka ba amma bakinsa ɗaya ya tsare rai. Na biyu, bayan shekaru sun tsaya gaban Yusuf sun ce mun yi kuskure, ya ce ba zargi a kanku yau. A cikin surar ne kuma aka ce rai mai yawan umarni da mummuna ne sai wanda Ubangiji ya yi wa rahama.

To misalinka na fenti da tsatsa, kai ne fita ka fi ni sani, amma a iya ganina ƙarfen ne asali tsatsa daga baya take hawa. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa kowane jariri a kan fiɗira ake haifarsa. Baturen nan ya ga tsatsar da kyau, ba zan ƙwace masa wannan ba, inda muka rabu shi ya tsaya a kukan Ralph a bakin teku, mu kuma an ba mu labarin har zuwa inda 'yan uwan suka dawo.

Baban Sadik (Aboabo)

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri, Malam Allah ya ƙara lafiya. Tsohon Sinia na karanta naka sau uku, na ƙarshe a shago na shiga bayan wata tsohuwar Benz dan kar yarana su ga fuskata, dan ni ma akwai wani afrentis da muka taɓa yi wa abu makamancin haka ranar da masta ya tafi Tema ɗauko kaya, sifana ce ta ɓata. Wannan sai wata rana.

Jiya bayan isha'i na zaunar da Sadik na karanta masa duka har na Nima Boy, ya yi ta dariya. Sai na tambaye shi to kai in kai ne a tsibirin wane ne kai a ciki? Ina jira ya ce Ralph ko Simon. Ya yi shiru ya daɗe yana wasa da tocila sai ya ce Baba gaskiya ina ga tagwayen nan ne, Sam da Eric. Na ce saboda me? Ya ce sun tsaya da Ralph har kusan ƙarshe, da aka kama su aka sa su gadi ma sun ba shi nama a ɓoye sun ce ya gudu, amma da aka matsa musu da azaba sai suka faɗi inda ya ɓuya, shi yana ga iyakarsa kenan baya so ya yi min ƙarya. Na rasa me zan ce masa. Uwarsa na bakin ƙofa tana tsince shinkafa ta ce to ai gara wannan da wanda zai ce maka shi Simon ne.

Za mu kai shi. Littafin ma ya ce zai tafi da shi, na sa an manne bangon da selotef.

Yanzu dan Allah wa ya san inda zan samu akwatin ƙarfe da cokbos mai kauri da sauƙin kuɗi, wanda na tambaya a Kejetia ranar Asabar kuɗin da ya kira min sai da na riƙe ƙarfen shagonsa, kuma katakon kamar kwali. Hajiya ke kuma shito nake so babban kwalba biyu wanda zai kai wata uku bai lalace ba, kar a cika yaji yaron na da gyambon ciki, zan aiko afrentis ranar Juma'a bayan masallaci.